Ayarin Madugu Tanimu da Amanar Sarakuna Tara

An ruwaito a cikin tsofaffin takardun mutanen da, waɗanda gara ta ci gefensu ta bar cikinsu, cewa a wani zamani an yi ƙasashe tara jere a kan hanyar fatake guda. Babbarsu ita ce Marmara, wadda dawakinta suka fi na sauran takwas ɗin ko an haɗa su wuri ɗaya. Ƙaramarsu kuwa Gamji, garin da ladani ɗaya ya ishe shi, ba ta da abin taƙama sai mashigin kogin da kowane ayari ke ƙetarewa.

Kakannin sarakunan nan, bayan yaƙi ya cinye musu maza, sun taru a wani fili da ba na kowa ba, ana ce da shi Zangon Amana. Nan suka dafa Littafi suka rantse cewa ba sarkin da zai ƙetare iyakar ɗan'uwansa da makami, sai ya kira taro an ji ƙararsa, shida cikin tara sun yarda. A taron nan bakin Sarkin Marmara ɗaya ne, na Sarkin Gamji ma ɗaya. Aibin abin guda ne: kafin manzanni su kewaya, sarakuna su shirya su iso, sai an share kwana arba'in.

A lokacin da wannan labari ya auku, Sarki Dambo ke bisa gadon Marmara. Jarumi ne mai saurin fushi, amma ba azzalumi ba ne. Wazirinsa Hambali malami ne mai sanyin magana, ya shekara ashirin a wazirci, ya haddace takardar amanar nan kamar Fatiha. Ɗan'uwa ɗaya gare shi a duniya, ƙaninsa Ƙasimu, wanda ya rena da hannunsa tun mahaifansu suka rasu suka bar shi ko yaye bai kai ba. Shi ya koya masa karatu da hawan doki, shi kuma ya roƙa masa sarautar Barde, aka ba shi tsaron garin kan iyaka da ke fuskantar Gamji.

An ce wata rana da hantsi, fada ta cika, sai ga wani mutum ya shigo ba takalmi ba rawani, rigarsa ta sandare da busasshen jini. Waziri ya dube shi bai gane shi ba, sai da ya faɗi ya yi gaisuwa ya ji muryarsa. Madugu Tanimu ne, wanda wata biyu da suka wuce ya fita ta ƙofar gabas da jakai ɗari uku, gari duka na kallo.

Madugu ya ba da labarinsa. Suna tsakiyar ƙetare mashigin Gamji a hanyarsu ta dawowa, sai mahara masu rufaffun fuskoki suka fito musu daga cikin kurmi. Suka kashe mutum goma sha tara, suka zuba wa talatin da huɗu igiya a wuya, maza da mata, har da matarsa Gambo. Shi ya tsira ne don wani jaki da aka harbe ya faɗo a kansa, aka ɗauka ya mutu. Da suka tafi ya bi sawunsu kwana biyu har wani kwazazzabo mai giginyu a cikin ƙasar Gamji. Ya laɓe a bayan dutse ya ji masu tsaro na cewa masu sayen bayi za su iso daga arewa ranar da wata ya tsaya. Ranar kuwa saura kwana tara. Da ya gama, ya zaro kibau uku daga cikin rigarsa ya ajiye gaban Sarki. Kowace an naɗe gindinta da jan zare, kuma ba wanda bai san wannan alamar maharban Gamji ce ba.

Ana cikin haka sai ga manzo daga kan iyaka da takardar Barde Ƙasimu. Aka karanta. Barde ya ce ya bincika ya tabbatar mutanen Gamji ne suka yi wannan ta'asa da sanin sarkinsu, yana neman izini ya afka wa garin kafin su shirya.

Sarki Dambo ya miƙe tsaye, idanunsa sun kaɗa. Ya ce a buga tambari, gobe da kansa zai hau, ba zai bar bango ɗaya tsaye a Gamji ba. Waziri ya sauko daga buzunsa ya durƙusa, ya tuna masa rantsuwar kakanni, ya roƙa a aika a kira taro.

Sarki ya ce, "Waziri, taronka kwana arba'in, mutanena kwana tara. Saurara in ba ka wani labari."

Ya ce an yi wasu masunta shida a wani ƙauye na bakin gulbi, suka haɗa hannu suka sassaƙa babban jirgi, suka rantse ba mai kwance shi sai duk shidansu suna nan. Wata damina gulbi ya cika ya tumbatsa, ya rutsa da matan ƙauyen da ke aikin shinkafa a kan wani tsibiri. Babban masuntan na tsaye a gaɓa, igiyar jirgi a hannunsa, yana jin kururuwarsu. Ya tuna rantsuwa, ya aika a kira sauran. Biyu na gona, ɗaya ya tafi kasuwar wani gari, ɗaya na jinya, ɗaya ya tafi ta'aziyya. Kafin na shidan ya iso ruwa ya shafe tsibirin. Suka zauna suka yi shawara, bakinsu ya zo ɗaya cewa lalle a je ceto. Suka kwance jirgi suka tafi, suka kwaso gawa.

Fadawa suka yi ta gyaɗa kai. Waziri bai ɗaga goshinsa ba, ya ce, "Allah ya ba ka nasara, labarin Sarki sarkin labarai ne. In an yarda, bawa ma yana da guda."

Ya ce an yi wasu masu lambu a wata fadama, rafi ɗaya suke sha, kowa da ranarsa ta ban ruwa, in an saɓa dattawa su zauna su raba gardama. A cikinsu akwai wani Ɗanja mai 'ya'ya maza goma sha ɗaya, duk ƙarti. Wata rana aka zalunce shi, zalunci na gaskiya: maƙwabcinsa na sama ya tare ruwa a ranar da take tasa, albasarsa na yaushi yana kallo. Bai je wurin dattawa ba. Ya ɗebi 'ya'yansa suka fasa madatsar, suka yi wa mutumin jina-jina. Gaskiya tasa ce, ba wanda ya ce uffan. Amma daga ranar kowa ya gane ruwa na mai sanda ne. Shekaru suka shuɗe, annoba ta ɗauke masa bakwai, sauran suka bazu neman abinci. Wani sabon mai ƙarfi ya taso ya tare rafin ɗungum. Ɗanja ya dogara sanda ya je neman dattawa su bi masa hakki. Suka ce da shi rabonsu da zama tun ranar da ya fasa madatsa.

Waziri ya ƙara da cewa yau Marmara ce mai 'ya'ya goma sha ɗaya, amma gobe ta Allah ce.

Sarki ya koma ya zauna, yana huci. Ya ce labari ya ture labari, an koma inda aka fara. Saboda haka ga tambaya ya aza wa Waziri: yaushe mai ƙarfi ke tafiya shi kaɗai, yaushe kuma yake jiran taro? In ya kawo amsa kafin a kira azahar, to. In bai kawo ba, tambari zai yi magana.

Waziri ya shiga laluben amsa. Sai Madugu, wanda kowa ya manta yana durƙushe a wurin, ya nemi a ba shi baki.

Ya ce, "Allah ya ja zamanin Sarki, ni ban ga fuskar kowa ba. Kibiya na gani, kibiya kuwa ba ta faɗin wanda ya harbo ta. Shekara talatin ina sauka a Gamji, ko akala ban taɓa rasawa ba. In an ƙone garin, toka ba za ta kwance wa matata igiya ba. Masu tsaron waɗanda aka kama na hango hayaƙi za su yanka su su gudu. Ni mutanena nake so."

Maganar ta soki Waziri, kunya ta rufe shi. Tun safe shi takarda yake karewa, Sarki gari yake hari, ba wanda ya tsaya kan mutum talatin da huɗun da ke cikin igiya sai wannan da ko takalmi ba shi da shi. Nan take amsar ta zo masa.

Ya ce, "Ranka ya daɗe, abu biyu muka cuɗa wuri ɗaya, ceto da hukunci. Ceto ba ya jiran taro, domin mai nutsewa ba ya jira. Hukunci kuwa jira ba ya ɓata shi, gaggawa ke ɓata shi, kuma mai ƙara ba ya zama alƙalin kansa."

Ya ba da shawara a tura mahaya ɗari biyu kwazazzabon kai tsaye, kada su kusanci garin Gamji, kada su taɓa ko kazar wani. Yau ɗin nan kuma a rubuta wa sarakuna takwas, har da na Gamji, a gaya musu za a ƙetare iyaka da dalilin ƙetarewar, a kira taro, a yi musu alkawari duk wanda aka kama, ko wane ne shi, za a kawo shi Zangon Amana da ransa. Sarki ya daɗe yana jan gemu, sa'an nan ya yarda, ya buga hatiminsa a kan takardun takwas. Ya ce tun da bakin Waziri ne ya faɗa, shi zai ja mahayan.

Suka tashi a ranar, Madugu na gaba yana nuna hanya. Saboda ƙurewar lokaci suka yanke ta daji, ba su bi ta garin kan iyaka ba. Waziri ya ji ba daɗi da bai ga ƙaninsa ba, ya ƙudurta a ransa in suna dawowa zai sauka wurinsa su kwana biyu.

Ran kwana na bakwai da hantsi suka kewaye kwazazzabon. Faɗan bai daɗe ba, maharan na ganin yawan dawaki suka zubar da makamai. Aka sami mutanen ayari a gindin giginyu, an jera su a igiya ɗaya kamar tumaki, wuyansu duk ya saɓule. Biyu sun riga sun mutu da ƙishirwa, ba a ko kwance su daga cikin sauran ba. Madugu ya sami Gambo da rai, ya durƙusa yana yanke igiyar.

Waziri ya sa a yaye wa maharan fuska. Na farkon da aka buɗe, sai ya ga mai kula da dawakin Barde ne, mutumin da shi da kansa ya zaɓa wa ƙaninsa. Ya ce a ransa wannan ya ci amanar ubangidansa. Aka buɗe na biyu, na uku, na huɗu, duk dakarun kan iyaka ne, mutanen Marmara, waɗansu ma ya san iyayensu. Can sai aka fito da shugabansu daga wata bukka. Tun kafin a taɓa rawaninsa Waziri ya gane tafiyar, domin a gabansa aka koye ta.

Ƙasimu ya ce, "Yaya."

Waziri ya zauna daɓas a ƙasa, a gaban mahaya ɗari biyu. Ya dube shi, ya ce, "Me ka rasa?"

Ƙasimu ya ce shekara goma sha biyu yana gadin ƙaya da duwatsu, yana kallon arzikin duniya na ƙetare mashigin Sarkin Gamji, wani tsoho mai ido ɗaya. In Sarki ya ƙone Gamji, wa zai ba riƙon mashigin in ba Barden da ke kusa ba? Kibau kuwa shi ya sa aka naɗe musu jan zare. Ya faɗi wannan duka kansa a sama. Amma da ya ga an nufo shi da igiya sai ya rushe, ya kama ƙafar wansa, ya roƙe shi doki ɗaya da rabin yini, ya ce har abada ba za a sake jin ɗuriyarsa ba. Waziri ya dubi ƙaninsa, ya dubi gawa biyun da ake haƙa wa kabari. Ya ce a ɗaure shi, ya juya baya don kada ya gani.

Da suka iso Marmara labari ya riga su. Sarki ya sallami fadawa, ya kira Waziri shi kaɗai. Waziri bai taɓa ganin Dambo haka ba, fuska ta zube, yana ta maimaita cewa saura ƙiris da ya ƙone gari guda da mata da tsofaffi a kan kibau uku. Da ya natsu, ya ce amma wannan abin kunya ba zai fita daga Marmara ba. In sarakuna takwas suka ji Barden Marmara ne ke tare fatake, wa zai sake ganin girmanta? A rubuta musu cewa 'yan fashi ne, an kashe su wurin faɗa. Ƙasimu kuwa, albarkacin Waziri, a kai shi can ƙarshen ƙasa ta kudu ya ƙare kwanansa a ɓoye.

Ƙofa ce aka buɗe masa, kuma Sarki ne da kansa ya buɗe ta. Waziri ya tsaya yana jin zuciyarsa na jan sa zuwa gare ta. Ya tuna yaron da yake goyawa zuwa makaranta. Hawaye ya zubo masa, bai share ba.

Ya ce, "Allah ya ba ka nasara, da ɗan Sarkin Gamji muka fito da shi daga bukkar nan, da yanzu yana kan raƙumi an nufi Zangon Amana da shi, muna buga tambari. Mun rubuta ko wane ne, hatiminka na kai."

Sarki ya ce, "Ƙaninka ne, Hambali."

Ya ce, "Na sani, ranka ya daɗe. Ni na rene shi."

An ce ran da kwana arba'in suka cika sarakuna tara suka hallara. Takwas ɗin sun zo a shirye su tuhumi Marmara da keta iyaka, suna kuma tsoron abin da zai biyo bayan tuhumar. Sai suka ga Sarki Dambo ya bar shimfiɗarsa ya tsaya a inda mai laifi ke tsayawa, aka shigo da Bardensa ɗaure cikin mari. Sarki ya faɗi abin da ya faru tun daga farko, bai rage kome ba, har da tambarin da ya ce a buga.

Sarkin Gamji, wani tsoho mai suna Nomau, ya san an shiga ƙasarsa ceto, amma bai san an taɓa yanke wa garinsa wuta ba sai a wannan sa'a. Tasbaha ta suɓuce daga hannunsa. Ya tambaya wace rana ce aka yi wannan shawara. Aka gaya masa. Ya ce a ranar suna rufin masallaci, gari duka ya fito, mata na kawo ruwa, ba wanda ya san an ambaci sunansu a wani wuri.

Sarkin Tsauni, ɗaya daga cikin taran, ya miƙe ya ce duk da haka an karya amana, kuma in aka bar wannan ya wuce, gobe kowane mai dawaki zai shiga ƙasar maƙwabcinsa ya ce ceto ya je. Waziri ya amsa cewa gaskiya ya faɗa, don haka a sa wa abin takunkumi. Wanda zai ƙetare don ceton rai ya sanar kafin ya hau, kada ya ɗauki kome, kada ya hukunta kowa, ya fita da zarar ya gama, sa'an nan ya zo nan ya tsaya a tuhume shi kamar yadda Sarkin Marmara ke tsaye. Wanda ya rasa ɗaya daga cikin waɗannan, mahari ne, sauran su haɗu a kansa. Aka kwana uku ana ja-in-ja. Daga ƙarshe bakwai suka wanke Marmara, Sarkin Tsauni ya tsaya kan bakansa, aka rubuta nasa shi ma. Aka ƙara sharuɗan a cikin takardar amana.

Ƙasimu kuwa alƙalan sarakuna tara suka yanke masa hukuncin mai tare hanya, wato kisa. Madugu Tanimu ya ce shi ya yafe nasa, amma jinin mutum ashirin da ɗaya ba nasa ba ne balle ya yafe. Aka zartar a bakin mashigin. Waziri ne ya yi masa wanka da hannunsa, ya sallace shi, ya sa shi a kabari a nan wurin. Mutane suka ga gemunsa, wanda ya zo da shi da sauran baƙi, ya koma fari fat kafin a watse.

Ran tashi, tsoho Nomau ya ce takardar amana tana bukatar mai riƙo, wanda za a kai wa ƙara ya kira taro, kuma shi bai san wanda zai ba amanar garinsa ba sai mutumin da bai ɓoye ƙaninsa ba. Sarakuna suka yarda baki ɗaya, har Sarkin Tsauni. Aka naɗa Hambali, aka yafa masa alkyabba tara. Ya karɓa ya yi godiya, ba a ga haƙorinsa ba. Sarki Dambo kuma ya mayar wa Madugu abin da ya rasa, ya ɗauki nauyin marayun ayarin.

Hambali ya shekara goma sha bakwai a kan wannan aiki, ba a ƙone gari ko ɗaya ba a ƙasashen nan tara. An ce in tafiya ta bi da shi ta mashigin Gamji, yakan sauka daga doki tun daga nesa, ya ce wa mutanensa su yi gaba, zai same su.

Masu ruwaya suka ce abin lura a nan shi ne, ƙarfi an ba mutum ne don ya riga kowa isa wurin mai nutsewa, ba don ya riga kowa yanke hukunci ba. Kuma ba a sanin mai ƙarfi ya yarda da taro ran da taron zai hukunta maƙiyinsa, sai ran da mai laifin ya fito daga cikin gidansa. Iyakar abin da gara ta bari ke nan, Allah shi ne masanin abin da ta ci.